Fita a Hutun Rabin Lokaci Idan Wasan Kwaikwayo Ya Gaza

A yawancin gidajen wasan kwaikwayo na birnin Landan, wasan dare yana farawa ne da ƙarfe 7:30, kuma idan an yi kamar awa ɗaya da kwata ana wasa sai a saki labule, a kunna fitilun zaure, a ba 'yan kallo hutu na minti 15 zuwa 20 kafin a shiga kashi na biyu. A cikin wannan ɗan lokaci mutane sukan yi layi a ƙofar bayi, wasu su nufi wurin sayar da abin sha, wasu su sayi askirim a ɗan ƙaramin kofi daga hannun ma'aikatan da ke tsaye a bakin layin kujeru, wasu kuma su fita bakin titi su sha iska. Akwai kuma 'yan tsiraru da sukan ɗauki rigar sanyinsu da jakarsu, su bi ta ƙofar da kowa yake bi, amma idan aka kaɗa ƙararrawar komawa ba a sake ganinsu. Ina cikin waɗannan mutane a wasu darare, kuma na daɗe ina so in bayyana dalilina, domin na lura cewa da yawa daga cikin masu son wasan kwaikwayo suna ɗaukar wannan fita a matsayin rashin ladabi, ko gajen haƙuri, ko ma rashin fahimtar abin da ake nunawa.

Abin da na yi imani da shi shi ne, wanda ya sayi tikiti ya ɗaukar wa 'yan wasa alkawarin natsuwarsa da hankalinsa, kuma wajibi ne ya cika wannan alkawari da zuciya ɗaya muddin yana zaune a kujerarsa. Amma idan ya ba su awa guda cur yana saurare, yana neman abin da zai riƙe shi bai samu ba, har ya tabbata cewa hankalinsa ya riga ya bar zauren, to hutun rabin lokaci ƙofa ce da aka buɗe masa, kuma binta ya fi mutunta 'yan wasan a kan ya koma ya zauna yana hamma yana duba agogo.

Shi kansa wannan hutu yana da tarihi. A zamanin Shakespeare, shahararren marubucin wasan kwaikwayo na Ingila, gidajen wasa marasa rufi irin su Globe, wanda aka gina a 1599, da rana ake wasa a cikinsu, a hasken Allah, kuma akan yi wasan kai tsaye har ƙarshe. A gidajen da ke da rufi kuwa, irin su Blackfriars wanda ƙungiyar Shakespeare ta karɓa a 1608, da kyandir ake haskaka dandali, don haka dole a dakata tsakanin kashi da kashi a gyara lagwani, makaɗa su ɗebe wa jama'a kewa kafin a ci gaba. Yau babu kyandir sai a wurare irin su Sam Wanamaker Playhouse da aka buɗe a 2014 domin a farfaɗo da wancan salo, amma hutun ya zauna saboda wasu dalilai. A cikinsa ne ake sauya kayan dandali, a cikinsa ne manyan tsofaffin gidaje suke sauke labulen ƙarfe mai tare wuta a gaban idon jama'a domin a tabbatar yana aiki, al'adar da gobarar gidan wasa na Exeter ta 1887, wadda ta ci rayuka 186, ta ƙara wa ƙarfi. A cikinsa ne kuma gidan wasa yake samun cinikin abin sha da kayan ƙwalama, wanda ba ƙaramin abu ba ne a lissafinsa. Duk wanda ya shirya wasa mai hutu a tsakiya ya san cewa zai saki jama'a su fita, kuma aikinsa ne ya bar musu wani abu a rai da zai dawo da su. Marubutan da suka san sana'arsu sukan rufe kashi na farko a daidai inda zuciya take rataye, domin sun san cewa babu wanda zai kamo hannun ɗan kallo ya mayar da shi ciki.

Babban abin da yake zaunar da mutane a wasan da ba sa jin daɗinsa shi ne kuɗi. Kujeru masu kyau a unguwar gidajen wasa ta West End sukan haura fam 100, wasu ma su wuce fam 200, kuma ko wanda ya je rumfar TKTS da ke dandalin Leicester Square ya sami rangwame ya san cewa aljihunsa ya ji a jika. Mutum yakan ce a ransa, tunda na biya, sai na ga abin da na biya. A 1985 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Hal Arkes da Catherine Blumer, sun wallafa wani bincike da suka yi a gidan wasan kwaikwayo na Jami'ar Ohio a Amurka. Masu sayen tikitin kakar wasa gaba ɗaya sun zo wurin saye, sai aka sayar wa wasu a kan cikakken farashi na dala 15, wasu aka rage musu dala 2, wasu aka rage musu dala 7, ba tare da wani zaɓi ba sai yadda ƙuri'a ta faɗa. A rabin farko na kakar, waɗanda suka biya cikakken kuɗi sun fi sauran zuwa kallo, alhali wasannin ɗaya ne kuma tikitin ɗaya ne a hannun kowa. Abin da ya tura su zuwa shi ne zafin kuɗin da suka fitar, kuma da zafin ya huce a rabin kaka na biyu sai bambancin ya gushe.

Wannan bincike ya yi mini bayanin abin da nake ji a jikina a duk lokacin da na tsaya a farfajiyar gidan wasa ina shawara da zuciyata. Kuɗin tikiti ya riga ya tafi, ko na zauna ko na fita ba zai dawo ba, domin babu gidan wasan da yake mayar da kuɗi saboda wasa bai yi daɗi ba. Abin da ya rage a hannuna shi ne sauran daren. Wanda ya sayi abinci ya tarar ya yi tsami, sannan ya dage sai ya cinye shi tas saboda ya biya, ya yi asarar kuɗi ya kuma ƙara da ciwon ciki. Awa ɗaya da rabi ta dare tana da daraja ga wanda zai tashi asuba ya kama aiki, ga wanda ya bar yara a hannun maƙwabta, ga wanda gidansa yake ƙarshen layin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ban ga dalilin da zai sa a ɗauki kuɗin mutum da muhimmanci, a raina lokacinsa ba.

Amma ba kuɗi ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi nauyi a zuciyata shi ne kunyar 'yan wasan. A silima mutum yana iya tashi ya tafi, hoton da ke jikin bango bai san ya tafi ba. A gidan wasan kwaikwayo kuwa mutane ne masu rai a tsaye a gabanka, sun yi makonni suna gwaji, sun haddace dogayen jawabai, kuma yawancinsu sau takwas suke hawa dandali a mako, har da ranakun da ake wasa sau biyu, da rana da kuma dare. Suna ganin layukan gaba sarai, kuma idan aka dawo daga hutu suka tarar da giɓi a inda ɗazu akwai mutane, sun san abin da ya faru. Sau da yawa ma laifin ba nasu ba ne. Rubutun ne ya yi rauni, ko kuma mai ba da umarni ya ɗora musu wata dabara da ba ta zauna ba, su kuma suna iyakar ƙoƙarinsu da abin da aka ba su. Duk wanda ya taso a gidan da aka koya masa cewa ba a tashi ana tsakiyar magana, kuma ba a juya wa mai yi maka hidima baya, dole ya ji wannan nauyi. Ni ma ina jin sa, kuma ba na so ranar da zan daina jin sa ta zo.

Sai dai na ga abin da zaman dole yake haifarwa, na gan shi kusa da kusa. A wani dare, a bene na sama na wani tsohon gidan wasa inda kujeru suke matse har gwiwa tana dukan bayan kujerar gaba, mutumin da ke damana ya dawo daga hutu ya harɗe hannuwa a ƙirji, kafin minti goma kansa ya langaɓe, numfashinsa ya sauya. Matar da ke tare da shi ta saka waya a ƙarƙashin rigar sanyin da ta shimfiɗa a cinya, tana latsawa a hankali, hasken yana bayyana a gilashin idonta. A bayanmu tari ya yawaita, irin tarin da ba na mura ba, ga ƙarar ledar alewa, ga kujeru suna ƙara saboda kowa yana gyara zama. A can ƙasa wata 'yar wasa tana tsaye ita kaɗai a cikin haske, tana faɗin jawabin da ya kamata ya sa zauren ya yi tsit, amma maganarta tana faɗowa a kan mutanen da suka riga suka tafi da zukatansu. Da aka gama sai kowa ya farka aka yi tafi mai ƙarfi, wasu har da miƙewa tsaye, ciki har da mai barcin. Wannan tafin ya fi kujerar da babu kowa ciwo a wurina, domin babu gaskiya a cikinsa. Ɗan wasa yana aiki ne da abin da zaure yake mayar masa, yana jin shirun da ke cike da saurare, yana kuma bambanta shi da shirun gajiya. Zaure mai mutum ɗari uku da suke tare da shi ya fi masa amfani a kan mai ɗari biyar da rabinsu suke jiran a tashi.

Akwai hujja mai ƙarfi a kan ra'ayina, kuma ba zan ɓoye ta ba. Wasa abu ne guda da aka tsara daga farko zuwa ƙarshe, kuma wanda ya ga rabi bai ga wasan ba. Wani marubucin yakan shimfiɗa abubuwa a kashi na farko a hankali, har su zama kamar ba su da alaƙa da juna, sai a kashi na biyu ya ɗaure su wuri ɗaya ta yadda duk abin da ya gabata zai sami ma'ana. Tarihi ma yana da misalin da ya kamata ya sa duk mai saurin fita ya yi tunani. A watan Agusta na 1955 aka fara nuna wasan Samuel Beckett mai suna Waiting for Godot da Turanci a ƙaramin gidan Arts Theatre na Landan, ƙarƙashin umarnin Peter Hall wanda yake da shekara 24 a lokacin. Mutum biyu ne a gefen hanya kusa da wata bishiya suna jiran wanda bai zo ba, kuma kashi na biyu kusan maimaicin na farko ne. 'Yan kallo sun yi ta gunaguni, da yawa sun fice, yawancin jaridun da suka fara sharhi ba su ga abin yabo ba. Sai da masu sharhi biyu, Kenneth Tynan da Harold Hobson, suka rubuta nasu a jaridun Lahadi sannan iska ta juya, wasan ya koma babban gidan Criterion, kuma a yau ana lissafa shi cikin manyan wasannin ƙarni na 20. Da aka kai shi Miami a farkon 1956 aka tallata shi a matsayin wasan ban dariya, nan ma jama'a da yawa ba su dawo daga hutu ba. Beckett ya karɓi kyautar Nobel a 1969.

Wannan misali ya koya mini in raba abu biyu da suke kama da juna a jiki amma asalinsu daban. Akwai wasan da yake da wuya, wanda yake tayar maka da hankali, ko ya ɗaure maka kai, ko ya ɓata maka rai saboda ya taɓa abin da ka yi imani da shi. Irin wannan ba na barinsa, ko da kuwa ina zaune a kan ƙaya, domin rashin jin daɗin da nake ciki alama ce ta cewa wasan yana aiki a kaina. Idan na fito hutu ina jayayya da marubucin a cikin raina, ina cewa wannan ba daidai ba ne, to lallai zan koma in ji yadda zai kare kansa. Akwai kuma wasan da bai dame ni da komai ba, wanda na san abin da kowa zai faɗa kafin ya buɗe baki, wanda aka cika shi da ihu a inda ya kamata a ji zafin rai, aka cika shi da hayaƙi da fitilu da dandali mai juyawa a inda ya kamata a sami labari. Tambayar da nake yi wa kaina a lokacin hutu guda ɗaya ce: akwai wani mutum a cikin labarin nan da nake so in san abin da zai same shi? Idan akwai, ko da mutum ɗaya ne, ko da ƙaramar rawa yake takawa, sai in koma. Idan na duba na ga cewa ko duk sun mutu ko duk sun yi aure bai shafe ni ba, to an gama. Hausawa suna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a abin da na gani, wasan da yake tafiya a hankali yana iya kama wuta bayan hutu, amma wanda aka gina a kan rubutu marar rai da wuya ya farfaɗo, domin marubucin da ya rubuta kashi na farko shi ne dai ya rubuta na biyu.

A watannin da rana take faɗuwa wajen ƙarfe takwas, kamar Afrilu da ƙarshen Agusta, hutun yakan zame mini lokacin sallar Magariba, sai in nemi wani lungu a gefen matakala in gabatar da ita. Waɗannan 'yan mintuna da nake ni kaɗai, nesa da hayaniyar masu cewa wasa ya yi kyau tun ba su gama tunani ba, su ne suke ba ni damar jin abin da zuciyata take faɗa game da abin da na gani.

Yana da kyau kuma a tuna cewa shirun da ake ɗauka a matsayin ladabin gidan wasa a yau sabon abu ne. Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 fitilun zaure a kunne suke ana wasa, 'yan kallo suna ganin juna, suna shiga suna fita, suna yabo da babbar murya suna kuma yin tir. A ƙarni na 18 gidajen wasa na Landan suna da al'adar shigar da mutane a rabin farashi bayan kashi na uku, kuma da gidajen wasa na Drury Lane da Covent Garden suka yi yunƙurin soke ta a 1763 sai da aka yi tarzoma aka farfasa kujeru. A 1809, bayan an sake gina Covent Garden sakamakon gobara, shugaban gidan John Philip Kemble ya ƙara kuɗin zama a tsakar zaure daga sule uku da sisi zuwa sule huɗu, sai jama'a suka shafe kusan wata uku suna zuwa kowane dare da ƙaho da ƙararrawa suna hana a ji wasa, har sai da ya ba da haƙuri ya mayar da tsohon farashi. Ba na fatan a koma wannan zamani, kuma ina godiya da duhu da shirun da suke ba mutum damar jin raɗar ɗan wasa daga layin ƙarshe. Amma ɗan kallo na wancan lokaci yana da murya, na yau kuwa an bar masa tafi kawai, kuma tafi ya zama abin da ake yi wa kowane wasa, mai kyau da marar kyau. Fita cikin natsuwa a lokacin hutu ita ce kusan hanya ɗaya tilo da ta rage wa mutum ya faɗi gaskiyarsa ba tare da ya cutar da kowa ba.

Ni da na fara kallon wasan dandali a Zariya, a ɗakin wasan Jami'ar Ahmadu Bello da aka gina da ƙasa a tsakiyar shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe, ban saba da wannan shiru ba tun farko. A can sararin sama ne rufinmu, kuma ɗan wasa ba ya buƙatar jiran jarida kafin ya san matsayinsa, domin jama'a suna ba shi amsa nan take, da shewa ko da tsaki, wani lokaci har su gargaɗi wanda ake shirin cuta a cikin labarin. Na fi samun wani abu mai kama da haka a sabon Globe da aka buɗe a 1997 a bakin kogin Thames, inda ɗaruruwan mutane suke kallo a tsaye a tsakar fili, a kan tikitin da ya yi shekaru da dama yana fam 5, ruwa ko iska. Wanda yake tsaye a kan ƙafarsa ba ya iya yin ƙaryar jin daɗi, kuma 'yan wasan wurin sun san dole su riƙe shi.

Duk da haka akwai wuraren da ba na fita ko da wasan ya gaza. Landan cike take da ƙananan ɗakunan wasa masu kujera hamsin ko sittin, inda matasa suke gwada rubutunsu na farko, sau da yawa da kuɗin aljihunsu. A irin wannan wuri tafiyar mutum biyu tana iya karya gwiwar wanda yake kan koyo, kuma na san tun kafin in shiga cewa gwaji na zo gani. Haka nan idan gayyata ta aka yi, ko akwai wanda na sani a cikin masu wasan, to zumunci ya riga ra'ayi. A kwanakin nunin gwaji kafin daren da ake gayyatar 'yan jarida ma nakan ƙara haƙuri, domin ana kan gyara ne, kuma abin da ya yi tsawo yau yana iya raguwa jibi. Mai sharhin da jarida take biya kuwa ba shi da wannan zaɓi sam, tunda aikinsa ne ya gani har ƙarshe kafin ya yanke hukunci.

Sai kuma abokin tafiya. Wata shekara ƙanwata ta kawo mini ziyara daga Kano, na kai ta kallon wani wasa a kan rikicin gado a cikin wani iyali. A wurina kashi na farko ya yi sanyi ƙwarai, kuma tun kafin a saki labule na fara lissafin jirgin da za mu kama. Da na waiga sai na gan ta ta tallafe haɓa da hannu biyu, ta karkato gaba, ko ƙiftawa ba ta son yi. Ana kunna fitila ta juyo ta ce, "Yaya, kana ganin matar nan za ta gaya masa gaskiya kuwa? Wallahi idan ta yi shiru ta cuce shi." Ban ce mata komai game da ra'ayina ba, na sayo mata askirim muka koma muka zauna. Ita ta sami mutumin da ta damu da shi a cikin labarin, kuma ba ni da ikon ɓata mata wannan dare saboda ni ban samu ba. Idan mutum biyu suka je kallo tare, ba a fita sai duka biyun sun yarda, kuma wanda yake son tafiya bai kamata ya fara kushe wasan ba kafin ya ji ta bakin ɗan'uwansa.

Fitar ma tana da nata ladabi. A tsakiyar wasa ba na tashi sai da larura ta rashin lafiya, domin kujerun tsofaffin gidaje a matse suke, kuma mutum ɗaya da zai fita yana tayar da mutum goma, ya tare wa na baya gani, ya raba hankalin wanda yake kan dandali. Idan hutu ya zo nakan kwashe kayana gaba ɗaya in bi jama'a, ba tare da tsaki ko girgiza kai ba, kuma ba na tsayawa a farfajiya ina bayyana wa mutane aibin abin da wataƙila su suke jin daɗinsa. Idan akwai wanda ginshiƙi ya tare masa gani a kusa da ni, nakan gaya masa cewa kujerata ta zama tasa. Bayan haka, idan an tambaye ni game da wasan, nakan faɗi gaskiya cewa rabi na gani kuma a nan na tsaya, ba na yanke hukunci a kan abin da idona bai gani ba. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci a wurina, domin wanda ya fita ya sayi sauran darensa ne a bakin haƙƙinsa na yin cikakken sharhi.

A 'yan shekarun nan wasannin da ake yi kai tsaye babu hutu sun yawaita, musamman sababbin rubuce-rubuce masu tsawon minti 90 zuwa 100, kuma wasu gidajen sukan rubuta a jikin tikiti cewa wanda ya fita ba za a bar shi ya dawo ba. Ina ganin amfanin wannan a wasan da aka ɗaure tamau, wanda tsayawa za ta kashe masa zafi, kuma wasu daga cikin mafiya daɗin dararen da na yi a gidan wasa irin waɗannan ne. Amma idan wasa ya kai awa biyu ko fiye ba tare da hutu ba, nakan yi tunanin tsofaffi da masu ciwon baya da masu ciki da suke cikin zauren, nakan kuma tambayi kaina ko mai ba da umarnin yana kare wasansa ne ko kuwa yana tsoron abin da zai tarar idan ya buɗe ƙofa. Saboda haka yanzu kafin in biya kuɗin tikiti nakan duba shafin gidan wasan a intanet in ga tsawon lokacin wasan da kuma ko akwai hutu, kuma idan dogo ne marar hutu daga hannun marubucin da ban san aikinsa ba, sai in jira masu sharhi su gani tukuna, in kuma zaɓi kujerar da ke bakin hanya.